Tsohuwar Corolla tana wahalar tashi, tana zafi, tana shan mai: me zan duba da kaina a gida?

Tambaya: Ina zaune a Rigasa, ina da Toyota Corolla ƙirar 2004 wadda na saya 'yar Beljiyam, da ita nake kai yara makaranta sannan in wuce wurin aiki. Tun shigowar hunturu take wahalar tashi da safe, wani lokaci in na murza makulli sai dai in ji ƙas sau ɗaya, in ta tashi kuma sai ta riƙa karkarwa. Allurar zafi tana hawa idan na shiga cunkoso, ga shan mai ya ƙaru. An canja mini batir, an canja filogi, yanzu kuma an ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye. Me zan iya dubawa da kaina?

Amsa: Malam, Allah ya sawwaƙe. Abin da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne, alamu ne na matsaloli uku ko huɗu da suka haɗu a lokaci guda, kuma dalilin da ya sa kuɗinka ke tafiya ba tare da ka ga sauƙi ba shi ne ana sayen kaya kafin a gano inda ciwon yake. Na fara koyon kanikanci ne a kan Peugeot 504, lokacin da masana'antar haɗa motoci ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975, take cika titunan Kaduna da ita. A wancan zamani kunne da ido da ɗan sukudireba sun ishi mutum ya daidaita kafireto. Motarka kuwa ƙwaƙwalwa gare ta, tana auna iska da zafi da mai da kanta, saboda haka duk wanda ya taɓa ta da ka, ba tare da gwaji ba, zai yi ta canja lafiyayyun kaya yana barin mai ciwon. Shawarata ita ce ka ɗauki alamomin ɗaya bayan ɗaya, ka fara da abin da ba ya cin kuɗi, kada ka sayi komai sai gwaji ya nuna maka shi.

Mu fara da tashi. Akwai bambanci babba tsakanin motar da injinta ba ya juyawa sam da motar da injinta ke juyawa amma ba ya kamawa, kuma duk bakaniken da bai tambaye ka wannan ba bai fara bincike ba tukuna. Taka tana yin ƙas sau ɗaya ne ta yi shiru, wato wuta ba ta isa kik, na'urar da ke juya inji idan an murza makulli, yadda ya kamata, ko kuwa kik ɗin ne da kansa ba ya karɓa. Ka sayi ƙaramar mita ta auna wuta, ana samunta a wurin masu sayar da kayan lantarki kuma kuɗinta bai kai na batir ko kusa ba. Da safe, kafin ka tayar da motar, ka ɗora jan bakinta a kan kan batir mai alamar tarawa, baƙin kuma a kan mai alamar ɗebewa. Batir mai cikakken caji zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka, 12.2 na nufin ya yi rabi, ƙasa da 12 kuwa ya yi sanyi sosai. Sai ka sa wani ya murza makulli kana kallon mitar: idan ta faɗi ƙasa da 9.6 yayin da injin ke juyawa, batirin ba ya ɗaukar nauyi ko da sabo ne. Bayan motar ta tashi ka sake aunawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5, wanda ke nuna altaneta na caji. Idan ta tsaya a 12 da 'yan kai, altaneta ko bel ɗinta ne abin dubawa, kuma ko batir goma aka sa maka duk haka za su mutu.

A nan ina roƙonka kada ka yarda wani ya gwada maka altaneta ta hanyar zare kan batir alhali injin na aiki. An saba yin haka a tsofaffin motoci masu kafireto kuma ana tsira, amma a mota mai ƙwaƙwalwa batirin ne ke shanye hauhawar wuta, kuma da zarar an zare shi wutar na iya tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar ko ita altanetar.

Idan batir ya nuna lafiya, duba kawunansa. Farin garin nan ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kansu yana hana wuta wucewa. Ka kashe mota, ka fara kwance kan ɗebewa sannan na tarawa, ka jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi ka wanke su da tsohon buroshi, domin kanwa na kashe kaifin ruwan batir, ka goge su bushe, ka mayar da na tarawa da farko, na ɗebewa a ƙarshe, ka ɗaure har hannu ya kasa juya su. Ka bi baƙar wayar zuwa inda aka ɗaure ta a jikin mota da jikin inji, domin sau da yawa a nan tsatsa ke ɓoye. In duk wannan ya yi daidai amma ƙas ɗin bai daina ba, ga gwajin da nake yi: kunna fitilar cikin mota ka murza makulli. Idan fitilar ta dusashe ƙwarai, wuta ce ba ta isa. Idan ta tsaya da haskenta kuma ka ji ƙas guda, to zargi ya koma kan kik. Kik ɗin da ke cikin Toyota na wannan zamani yana da wasu 'yan ƙananan tagulla guda biyu a ciki waɗanda ke cinyewa da shekaru, kuma mai wayarin da ya san aikinsa zai canja su kaɗai ba tare da an sayi wani kik ba. Wannan ne nake ganin ya fi dacewa da bayaninka, musamman idan motar kan tashi bayan ka murza sau uku ko huɗu.

Ranar da ka ji injin na juyawa amma bai kama ba, wannan wani babi ne, na mai ko na tartsatsi. Za a ce maka ka kasa kunne ka ji kukan famfon mai na daƙiƙa biyu idan ka buɗe makulli. Haka ne a motoci da yawa kamar Honda, amma Toyota da dama ba sa tayar da famfon sai injin ya fara juyawa, don haka kada shirun ya sa ka yanke hukunci cewa famfo ya mutu. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne yawo da tanki kusan fayau. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 yawancinmu lita kaɗan-kaɗan muke sha, ba kuma laifin kowa ba ne, sai dai famfon yana zaune ne a cikin tanki kuma man ne ke sanyaya shi. Idan hali ya yi, kada ka bar allura ta sauka ƙasa da kwata, kuma ka rage sayen man galan a hannun 'yan bumburutu in ba dole ba, saboda datti da ruwan da kan shiga ciki.

Yanzu maganar zafi, wadda ita ce ta fi damuna a cikin duk abin da ka faɗa, domin kik idan ya lalace mota ce kawai za ta ƙi tashi, zafi kuwa yana iya cinye inji gaba ɗaya a tafiya guda. Ka ce allurar na hawa ne a cunkoso, kuma wannan bayani ya riga ya yi rabin binciken. Motar da ke zafi idan ta tsaya a cunkoson Kawo ko na Ahmadu Bello Way, amma ta huce da zarar hanya ta buɗe, iska ce ba ta samu, domin a guje iskar hanya ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa fanka kaɗai ta dogara da ita. Motar da ke lafiya a cikin gari amma ta ɗauki zafi idan an taka ta a hanyar Zariya, wannan ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko dai lagireto ya toshe daga ciki, ko famfon ruwa ya gaji, ko tamostat, 'yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗumama, ba ya buɗewa sosai. Wadda kuma ke shanye ruwa kullum ba a ga inda yake zuba ba, ita ce ake jin tsoron gasket ɗin kan inji.

Ga yadda za ka gwada a ƙofar gida. Da safe, injin na sanyi, buɗe murfin lagireto ka ga ko ruwa ya cika har wuya, ka duba robar ajiyar ruwa da ke gefe. Ka kalli murfin da kansa, idan robarsa ta tsage ko ta bushe ka canja shi, domin shi ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, kuma yana cikin mafi arahar kayan da ke haddasa zafi. Rufe shi, ka tayar da mota ka bar ta a tsaye, ka riƙa taɓa babban tiyon da ke tsakanin ƙasan lagireto da inji, kana nesanta hannu da rigarka daga fanka da bel. Da farko zai kasance da sanyi, sannan bayan wasu mintoci ya ɗau zafi, alamar tamostat ya buɗe ke nan, wanda a wannan injin yake yi a wajen digiri 82. Ka ci gaba da jira har fanka ta tashi da kanta bayan zafin ya haura 90. Idan allura ta wuce rabi tana hawa fanka ba ta motsa ba, kashe motar, ka gano bakin zaren. Kunna na'urar sanyaya cikin mota ma gwaji ne, domin ya kamata fanka ta tashi tare da ita. In ta tashi da na'urar sanyi amma ba ta tashi da zafin inji, injin fankar lafiya lau yake, matsalar na wajen abin da ke auna zafi ko wayarsa. In ba ta tashi ta kowace hanya, a duba fiyus da rile a akwatin da ke kusa da batir, wanda taswirarsa ke cikin murfinsa, kafin a zargi fankar. Sannan ka leƙa gaban lagireto. Ƙurar hunturu da ƙwari da ɓaraguzan leda suna liƙewa tsakaninsa da na na'urar sanyi har iska ta kasa ratsawa, kuma wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba kan sauke allura fiye da yadda mutum zai zata.

Game da shawarar cire tamostat, ban yarda da ita ba, kuma zan faɗi dalili. Hujjar da ake bayarwa ita ce an yi shi ne domin ƙasashen sanyi, mu kuwa ƙasarmu zafi gare ta. Amma aikin tamostat shi ne riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kuma ana sa shi a motocin da ake sayarwa a Saudiyya da sauran ƙasashen da suka fi Kaduna zafi. Idan aka cire shi aka kuma haɗa fanka kai tsaye, injin zai daɗe bai ɗumama ba, musamman da sanyin asubar Disamba da Janairu, ƙwaƙwalwa kuma za ta ɗauka har yanzu ana cikin ɗumama inji ne ta ci gaba da zuba mai fiye da kima. Sakamakon shi ne ƙarin shan mai, wanda kake kuka da shi tun yanzu, da baƙin filogi, da fetur da ke wanke baƙin mai daga bangon silinda har ringi su cinye da wuri. Fankar da ke juyawa ba hutu ita ma ba ta daɗewa. Abin da ya fi muni shi ne ciwon asali yana nan, an dai lulluɓe shi ne. Na taɓa karɓar wata mota da aka yi wa wannan aiki a wani gareji, mai ita ya yi wata biyu yana murna, ashe lagireton ne ya toshe, ranar da ya ɗauki iyali zuwa Zariya da zafin bazara sai ga tururi, gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Idan ana zargin tamostat, a ciro shi a jefa a tukunyar ruwa a kan wuta, lafiyayye zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, wanda ya ƙi buɗewa kuma a sa sabo a madadinsa.

Ruwan da ake zubawa shi ma abin lura ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin ɓawo a cikin siraran bututun lagireto kamar yadda suke yi a gindin buta, ga tsatsa da ke cin famfon ruwa. Ruwan sanyaya inji na gaskiya, irin jan nan ko ruwan hoda da Toyota ke amfani da shi, yana hana tsatsa kuma yana ɗaga matakin tafasa. Idan ruwan motarka ya koma kalar ƙasa, a wanke lagireto a zuba wanda ya dace. Ranar da allura ta kai ja a hanya kuwa, ka kashe na'urar sanyi, ka gangara gefe ka kashe inji, ka jira aƙalla rabin awa. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, domin ruwan da ke cikin matsi yana feshowa ne fuska da ƙirji, kuma na ga ƙunar da ya yi wa mutane. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Bayan ya huce, ka duba sandar baƙin mai da ƙarƙashin murfin zuba shi: idan ka ga ya koma kamar shayi da madara, ko ka ga kumfa na ta ɓulɓulowa a wuyan lagireto bayan ka tayar da inji mai sanyi, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, to gasket ya tafi, wannan kuma ya wuce aikin gida.

Saura karkarwa da shan mai. Tunda an canja filogi abin bai daina ba, ka bar motar ta faɗi ciwonta da bakinta. Duk motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma akwai 'yar na'ura mai araha da ake soka wa a nan ta haɗu da wayar hannu ta karanto lambobin matsala. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, P0302 ta biyu, haka har ta huɗu. Injinka kowace silinda da kwayil ɗinta a kan filogi, don haka idan ka ga P0301 sai ka musanya kwayil na ɗaya da na biyu, ka goge lambar ka yi ɗan zagaye. Idan ta koma P0302, ciwon ya bi kwayil, shi kaɗai za ka saya. Idan ta tsaya a inda take, a duba filogi ko nozul na wannan silinda. Ka kuma tabbatar irin filogin da aka sa maka, domin wannan injin da mai siririn baki na iridiyam ya zo, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa, araha kuwa ba ta ado.

Lambar da na fi zaton za ka gani ita ce P0171, wadda ke nufin iska ta fi mai yawa. Abu biyu ne suka fi jawo ta a wannan Corolla. Na farko shi ne ma'aunin iska da ke jikin bututu bayan akwatin matatar iska, wanda ƙurar hunturu ke lulluɓe siririyar wayarsa. Sukurori biyu ke riƙe da shi, a ciro shi a fesa masa maganin wanke kayan lantarki, a bar shi ya bushe, kada a taɓa wayar da hannu ko tsumma. Na biyu shi ne robar da ke tsakanin bututun shigar iska da kan inji, wadda ke taurare da tsufa ta riƙa shan iska ta gefe idan gari ya yi sanyi, sannan ta kumbura ta toshe idan inji ya ɗumama. Karkarwar da ke zuwa da safe ta ɗauke bayan minti goma, a cikin hunturu, ta yi kama da wannan ƙwarai. Matatar iskar ma ka ɗaga ta ga rana, in haske ba ya ratsa ta ka canja, kuma a watannin ƙura kada ka jira lokacin juye. Idan fitilar inji ta fara ƙiftawa maimakon tsayawa, ka rage tafiya da motar, domin ɗanyen mai na shiga salansa yana ƙona abin nan da makanikai ke kira indomi, mai tace hayaƙi, wanda tsadarsa ta zo daga ƙarafa masu daraja da ke cikinsa.

Ka riƙa zare sandar baƙin mai duk mako a wuri mai daidai, domin injinan farko na wannan jerin an san su da shan baƙin mai idan sun tsufa, kuma shuɗin hayaƙi shi ne shaidarsa. Tayar da iskarta ta ragu ita ma tana ƙara shan mai. Adadin da ya dace yana rubuce a takardar da kamfani ya manna a jikin motar, ba sai yadda mai faci ya ga dama ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma wannan ya kamata ka karanta kafin ka biya kuɗin tayar Beljiyam.

Abin da ban ba ka shawarar ka taɓa a gida ba shi ne birki idan ya yi laushi ko yana nutsewa, da cikin giya, da buɗe kan inji, da duk aikin da zai sa ka kwanta ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada kuma ka bar inji yana aiki a rufaffen gareji, domin hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Idan gwajin ya nuna abin da za a saya, ka cire tsohon ka tafi da shi Panteka ko shagon da ka amince da shi, a gwada lambar da ke jikinsa da ta sabon, kuma duk kayan da aka canja maka a gareji ka ce a ba ka tsohon ka gani. A motarka, ni zan fara ne da fanka da murfin lagireto a gobe da safe, kafin yara su shiga, sannan kawunan batir da kik, sannan in karanta lambobin ƙwaƙwalwa a ƙarshen mako.